Fari da ja a jikin dutse: tafiyar ƙafa ba ɗan jagora a kwazazzabon kogin Tarn

A kudancin Faransa, cikin gundumar Lozère, akwai wani ɗan ƙauye mai suna Hauterives wanda babu titin mota da ya kai gare shi. Gidajensa na dutse ne tun daga tushe har rufi, sun maƙale a gindin tsauni a gaɓar hagu ta kogin Tarn, titin kwalta kuwa yana can tsallaken ruwa. Idan mai gida ya yi sayayya a gari, sai ya tsaya a bakin titi ya zuba kayan cikin wani akwati da ke rataye a igiyar ƙarfe, a ja shi ta saman kogin zuwa ƙauyen. Shi kansa kuma ko dai ya haye da kwale-kwale ko ya zagayo da ƙafa. Masu wucewa a mota sukan rage gudu, su ɗauki hoto daga nesa, su yi gaba. Wanda ya biyo tsohuwar turbar gaɓar hagu ne kaɗai yake ratsawa ta tsakanin gidajen, ya ga yadda aka jera duwatsun bango ɗaya kan ɗaya, ya ji sanyin inuwar lungunan.

Domin irin wannan ne mutane da yawa daga Faransa, Ingila, Jamus da Holan suke ware mako guda na hutunsu su zo nan su yi ta tafiya da ƙafa, daga ƙauye zuwa ƙauye, ba tare da ɗan jagora ba.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Matafiyi ya zaɓi hanya, ya kama ɗakunan kwana a ƙauyukan da zai yada zango, ko shi da kansa ko ta hannun wani kamfanin yawon buɗe ido. Kamfanin zai aiko masa da taswira da bayanin hanya zango-zango, yanzu ma har da manhajar da za ta nuna masa inda yake a wayarsa. Kowace safiya zai bar babbar jakarsa a ƙofar masauki, wata mota ta zo ta ɗauka ta kai masauki na gaba. A wannan yanki akwai kamfanin La Malle Postale da ya yi suna a wannan jigila. Shi kuwa ya goya ƙaramar jaka mai ɗauke da ruwa, abincin rana da rigar ruwa, ya kama hanya. Babu mai cewa a yi sauri, babu mai cewa a tsaya a ɗauki hoto. Galibi akan yi kilomita 12 zuwa 20 a yini, kuma daga garin Florac zuwa Le Rozier, inda kwazazzabon ya ƙare, kwana huɗu zuwa biyar ne ga mai matsakaicin ƙarfi.

Ruwan da ya yanka dutse

Kogin Tarn yana tasowa ne daga dutsen Lozère, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 1,699. Bayan ya wuce Florac sai ya faɗa tsakanin wasu tuddai biyu masu shimfiɗaɗɗen kai, Causse Méjean a hagu da Causse de Sauveterre a dama, ya yanka su tsawon kilomita 50 da 'yan kai. Zurfin yankan ya kai mita 400 zuwa 600. Mai tsaye a bakin ruwa in ya ɗaga kai, bangon dutse yake gani ja-ja da toka-toka, sai wani siririn zaren sama a can bisa.

Dutsen alli ne, mai ramuka kamar an huhhuda shi. Ruwan sama da ya sauka a kan tuddan ba ya kwanciya, nan take yake nutsewa, ya bi ta kogunan ƙarƙashin ƙasa, ya ɓullo a gindin kwazazzabon. Shi ya sa duk tsawon wannan wuri babu wani rafi da ke gangarowa ta sarari ya shiga Tarn, maɓuɓɓugai wajen arba'in ne suke ciyar da shi daga cikin dutse. Wanda ya riƙe wannan a ransa ya gama fahimtar yankin. A sama ƙishirwa, a ƙasa ruwa. Kusan duk inda ka ga ƙauye a cikin kwazazzabon, nemi idon ruwa kusa da shi, za ka samu. Mai mota ba ya lura da haka. Mai tafiya a ƙasa, wanda gorar ruwansa ta yi rabi tun hantsi, shi ne yake gane dalilin da ya sa mutanen da suka kafa waɗannan ƙauyuka suka zaɓi nan ba can ba.

Har farkon ƙarni na 20 babu titi a cikin kwazazzabon. Sai wajen 1905 aka fasa wanda ake bi yanzu a gaɓar dama, aka huda duwatsu aka yi masa ƙofofi. Kafin nan kwale-kwale da alfadari da ƙafa su ne sufuri. Da titi ya zo sai ya kwashe zirga-zirga ya kai ta dama, ya bar tsohuwar turbar hagu yadda take, kuma ita ce masu tafiyar ƙafa suka gada a yau.

Hannayen da ba a gani

Ana cewa tafiya ba ɗan jagora, amma a ganina maganar ba ta cika ba. Jagoran yana nan, fuskarsa ce ba a gani. Duk 'yan ɗaruruwan taku za ka ci karo da zane biyu na fenti a jikin dutse ko itace ko kusurwar bango: fari a sama, ja a ƙasa, tsawonsu bai wuce tafin hannu ba. Wannan ce alamar manyan hanyoyin ƙafa na Faransa da ake kira GR. Idan zanen ya lanƙwasa, kwana ake nufi. Idan farin da jan suka gitta juna, an ce maka ba nan ba ne, koma baya. Rawaya da ja na hanyoyin da ke zagaya yanki ɗaya ne, rawaya zalla kuma na gajerun hanyoyi na yini guda.

Tun 1947 aka fara wannan tsari, kuma ƙungiyar masu tafiyar ƙafa ta ƙasar ce ke kula da shi. Masu shafa fentin 'yan sa-kai ne, dubbansu, da yawa daga cikinsu tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya. Kowa yana da yankin hanyar da aka damƙa masa. Zai fito da gwangwanin fenti da burushi da almakashin sassabe, ya sabunta alamar da ta dushe, ya datse ƙayar da ta rufe hanya, ya kai rahoton inda ƙasa ta zaftare, ba tare da an biya shi albashi ba. Baƙon da ya taso daga wata nahiya, bai iya Faransanci ba, ya shiga daji shi kaɗai ya fita lafiya, amanar waɗannan mutane ce ta fitar da shi. Na fi ganin girman wannan aiki a kan na kamfanonin da ke sayar da tafiyar, domin su kamfanonin kan abin da wasu suka gyara kyauta suke ɗora cinikinsu.

Daga ƙauye zuwa ƙauye

Ispagnac ce ƙofar shiga. Kwarin yana da faɗi a nan, iska ba ta da tsanani, ana noman kayan marmari da itatuwan 'ya'ya. Kusa da ita akwai Quézac mai tsohuwar gadar dutse da ruwan ma'adinai da ake ɗurawa a kwalba ana sayarwa a faɗin ƙasar. Daga nan bangon dutse ya fara matsowa.

Castelbouc ƙauye ne da ya shige cikin dutse a zahiri. Gidaje da dama bango uku kawai aka gina musu, na huɗun tsaunin ne da kansa, kuma kangon wata tsohuwar fada yana tsaye a kan wani tsinin dutse bisa kansu. Turbar tana bi ta ƙarƙashin baka-bakan gini, ta wuce ta gaban ƙofofin da mai tsawo sai ya sunkuya.

Sainte-Enimie ce uwar garuruwan kwazazzabon, ko da yake mazaunanta 'yan ɗaruruwa ne kawai. Tana cikin jerin ƙauyukan da aka amince su ne mafi kyau a Faransa. An shimfiɗe lungunanta da duwatsun kogi masu santsi, suna hawa suna sauka tsakanin gidaje. Sunan garin na wata gimbiya ce, Enimie, wadda labarin gargajiya ya ce 'yar'uwar sarki Dagobert ce a ƙarni na 7. Wai kuturta ta kama ta, ta zo ta yi wanka a idon ruwan Burle ta warke, amma duk sanda ta kama hanyar komawa gida sai cutar ta dawo, har ta gane nan aka nufa ta zauna, ta kafa gidan masu ibada. Labari ne, tarihi bai tabbatar da shi ba. Idon ruwan kuwa yana nan a gindin garin, ruwa mai kore-kore yana fitowa daga ƙarƙashin dutse ba ƙaƙƙautawa.

Wanda ya ɗaga ido daga garin zai ga gangaren tsauni an yi masa matakala-matakala da ganuwar dutse. Gonaki ne na da. Mutane sun riƙa ɗauko ƙasa a bayansu suna zubawa a bayan kowace ganuwa domin su dasa inabi da almon. A ƙarshen ƙarni na 19 wani ƙwaro mai cin saiwar inabi ya halaka gonakin inabi a Faransa, bai bar nan ba. Sai yaƙin duniya na farko ya cinye samari, birane suka janye sauran. Yau yawancin matakalan sun zama kurmi, sai 'yan kaɗan a wajen Ispagnac da Sainte-Enimie da aka sake dasa wa inabi a shekarun baya-bayan nan.

Daga nan sai Saint-Chély-du-Tarn, inda maɓuɓɓugai ke ratsa ƙauyen su zubo cikin kogin daga bisa, sai Hauterives, sai La Malène. A La Malène ne hanyoyin tumaki da ke saukowa daga tuddan biyu suke haɗuwa su haye ruwa, shi ya sa garin ya daɗe da zama mahaɗa. A 1793, lokacin juyin juya halin Faransa, sojoji sun cinna masa wuta, kuma mutanen garin suna nuna baƙin da ke jikin tsaunin da ke bisa gidaje a matsayin tabon wannan gobara. Har yanzu akwai matuƙa kwale-kwale a nan masu sana'ar da suka gada. Suna ɗaukar baƙi a jirage masu shimfiɗaɗɗen ciki, suna tura su da doguwar sanda tsawon kilomita 8, ta wurin da ake kira Détroits, inda kwazazzabon ya fi matsewa, bango ya miƙe tsaye daga cikin ruwa ta kowane gefe. Masu tafiyar ƙafa da yawa sukan hutar da sawunsu a wannan zango su shiga jirgi, kuma ban ga laifinsu ba, domin mutanen da ma ta ruwa suke bin wannan wuri. Can gaba, a Pas de Soucy, manyan duwatsu sun rikito sun toshe kogin har ruwan yana ɓacewa a ƙarƙashinsu, jirgi ba ya wucewa.

Kan tudu

Kuskure ne mutum ya yi kwanakinsa duka a gindin kwazazzabon. Ya kamata ko sau ɗaya ya daure ya hau, hawan awa biyu ko fiye, gwiwa na kuka, ya fito kan Causse Méjean. Duniya ce dabam. Fili ne fetal a tsayin mita 1,000 ko kusa da haka, ciyawa gajera, duwatsu warwatse, iska ba ta tsayawa. Mutum ɗaya ko biyu ne ke zaune a kowace murabba'in kilomita. Gidajen gona an yi musu rufin falalen dutse a kan baka-bakan gini, saboda babu katakon da zai ɗauki nauyin, kowane gida kuma da rijiyar tara ruwan sama. A fili za ka ga wasu tafkuna zagayayyu da aka daɓe gindinsu da yumɓu ko dutse don kada ruwa ya tsiyaye, inda tumaki ke sha. Lavogne suke ce musu.

Tumaki su ne arzikin wannan tudu. Da nonon yawancinsu ake yin cuku, har da cukun Roquefort da ya shahara a duniya. Akwai kuma faffaɗan hanyoyi masu ganuwar dutse a gefe da ake kira draille, waɗanda garkuna ke bi tun ɗaruruwan shekaru suna hawowa daga filayen bakin teku da zafi ya ƙone zuwa makiyayar tsaunuka, su koma idan sanyi ya gabato. Duk wanda ya san burtali ya san draille. Bambancin kawai, a can an ɗauki hanyar makiyaya a matsayin gadon da ya cancanci kariya: a 2011 hukumar UNESCO ta sanya yankin Causses da tsaunukan Cévennes cikin jerin kayan tarihin duniya, ba don fada ko coci ba, sai don yadda kiwo ya siffanta ƙasar. Hanyoyin da baƙi ke biyan kuɗi su taka a yau, kofaton tumaki ne ya fara fitar da da yawa daga cikinsu.

A nan ne kuma ake haɗuwa da fararen karnukan gadi manya-manya da ake kira patou. Tun da kyarkeci ya dawo Faransa daga Italiya a 1992 makiyaya suka ƙara dogaro da su. Ƙa'idar ita ce kada ka ratsa ta tsakiyar garke, kada ka gudu, kada ka ɗaga sanda. Ka tsaya ya shinshina, sannan ka zagaye daga nesa.

A ƙarshen hanya, inda kogin Jonte ya haɗu da Tarn a Le Rozier, turba tana bin leɓen tsauni ta gefen wasu duwatsu biyu masu siffar tulu. Nan ne fagen manyan ungulaye, masu fukafukan da buɗewarsu ta haura mita biyu da rabi. Harbi da guba sun ƙarar da su daga yankin wajen shekarun 1940. A 1981 aka sake sakin wasu a nan, suka yi sheƙa suka hayayyafa, yanzu ɗaruruwa ne. An ƙara da baƙar ungulu a 1992, da wata mai gemu mai cin ƙashi a 2012. Makiyaya suna da wuraren da hukuma ta yarda su ajiye mushen tumaki, ungulaye su share, kowa ya huta. Mai tsaye a leɓen tsaunin yakan ga tsuntsun yana shawagi a ƙasa da shi, ya ga bayansa ruwan ƙasa-ƙasa, har ya ji kukan iska a gashin fukafukinsa.

Baturen da ya zo da jaka

Sunan da ba a rabuwa da shi a wannan yanki shi ne Robert Louis Stevenson, marubuci ɗan Sikotland. A watan Satumba na 1878, yana da shekara 27, ya sayi wata jaka, wato macen jaki, da ya raɗa wa suna Modestine a garin Le Monastier, ya ɗora mata kayansa, ya yi kwana 12 yana tafiya kudu har Saint-Jean-du-Gard, kusan kilomita 200. Littafin da ya rubuta a kan tafiyar ya fito a 1879. Bai shiga kwazazzabon ba, amma ya haye dutsen Lozère, ya sauka Le Pont-de-Montvert, inda tawayen Furotesta da ake kira Camisard ya ɓarke a 1702, ya bi kogin Tarn har Florac. Hanyarsa ita ce GR70 a yau, kuma har yanzu ana ba da hayar jakuna ga masu son bin sawunsa, musamman iyalai masu yara. Da yawa sukan haɗa biyun: su biyo Stevenson zuwa Florac, sannan su karkata yamma su shiga kwazazzabon.

Wa ke ci, wa ke biya

Lozère ce gundumar da ta fi kowace ƙarancin jama'a a Faransa. A ƙarshen ƙarni na 19 tana da mutum sama da 140,000, yau ba su wuce 77,000 ba. A wuri irin wannan mai tafiyar ƙafa baƙo ne mai daraja. Mai mota yana iya ratsa kwazazzabon duka cikin awa biyu, ya sha shayi kofi ɗaya ya fice. Mai ƙafa dole ya kwana, ya ci abincin dare, ya sayi burodi da cuku da safe, gobe ya sake yin haka a ƙauye na gaba. Kuma ya fi zuwa a watannin Mayu, Yuni da Satumba, lokacin da masu wankan kogi ba su cika wurin ba. Akwai masaukai da kantunan ƙauye da ba don shi ba da tuni sun rufe.

Amma ba zan ce komai lafiya ba. A watannin Yuli da Agusta kogin yakan cika da ƙananan jiragen haya har su riƙa karo da juna, titi ya cushe, alhali a hunturu ƙauyukan nan shiru suke, tagogi a rufe. Gidaje da yawa da aka gyara suka yi kyau na mutanen birni ne da ke zuwa 'yan makonni a shekara, kuma sayensu ya sa farashi ya fi ƙarfin matashin da aka haifa a wurin. Ƙauyen da ya yi kyau a hoto ba lalle ne yana da makaranta ko likita ba. Tafiyar ƙafa tana rage wannan ciwo, ba ta warkar da shi.

Ga wanda ya yi niyya

Daga ƙasashenmu sai da bizar Schengen. Jirgin ƙasa yana kaiwa Mende ko Millau, daga nan motocin haya ba su da yawa, musamman in ba lokacin hutu ba, don haka a tsara isowa da fita tun kafin a taso. A kama masauki da wuri, domin wasu ƙauyukan gadajensu ba su da yawa. A masaukan ƙauye abinci ɗaya ake dafawa kowa ya zauna tebur guda a ci tare, kuma naman alade yana yawan shiga girkin yankin, giya kuma tana kan tebur. Musulmi ya faɗa wa mai masauki tun lokacin kama ɗaki abin da ba ya ci, ba sai an zuba abinci ba. Kifin kogi, ƙwai, dankali da cukun awaki da na tumaki ba su yankewa.

Takalmi mai kama ƙasa wajibi ne, domin turbar hagu tana da wuraren tsakuwa mai zamewa da gangare a gefe. Sabis ɗin waya yakan ɗauke a cikin kwazazzabon, saboda haka kada a dogara da manhaja kaɗai, a riƙe taswirar takarda ta hukumar taswirar ƙasar, IGN. Lambar neman agaji 112 ce. Wani ɓangare na yankin yana cikin gandun Cévennes da aka kafa a 1970, inda aka hana hura wuta, aka kuma taƙaita kwana a fili. Kantunan ƙauye sukan rufe da tsakar rana su buɗe da la'asar. A kan tudu da wuya a samu inda za a cika gora, sai a hau da ruwan da zai kai har saukowa.

Abin da ya fi kowane haɗari shi ne ruwan kaka. Daga Satumba zuwa Nuwamba iska mai ɗumi daga tekun Bahar Rum takan bugi tsaunukan Cévennes ta zubar da ruwan watanni cikin kwana ɗaya ko biyu. Tarn, wanda jiya ake ganin tsakuwar gindinsa, yana iya tashi mita da yawa cikin 'yan sa'o'i ya shanye turbar bakin ruwa. Idan hukumar hasashen yanayi ta fitar da gargaɗi mai launin lemo ko ja, mai masauki zai ce maka kada ka fita, kuma motar da ke ɗaukar jakunkuna takan ɗauki mutum ma zuwa zango na gaba in an nemi wuri tun da dare.